Hirar Zaure: Saura Mutum Ɗaya

 Zancenmu na watan nan a kan wasan yara ne. Amma kada iyaye su yi saurin juya shafi, gama wasan nan ya kusa cinye wa gidanmu kuɗin hayar shago na shekara guda.

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar Unguwa Uku domin ya kama motar Zariya, ko Kaduna, ko Jos, ya san kiran nan da ake yi a kowace tasha ta ƙasarmu: "Saura mutum ɗaya!" Ka biya kuɗi, ka shiga, ka zauna. Mutum ɗayan ya zo, a ce saura wani. Wani lokaci ma mota takan cika amma ta ƙi tashi, domin direba da mai mota suna can bayan rumfa suna ja-in-ja a kan lissafin jiya. Kai fasinja ba ruwanka da rigimarsu, amma kai ne zufa ke yi wa wanka. Sauka kuwa ba ta yiwuwa, tun da kuɗinka yana hannunsu.

Irin zaman nan na tarar ɗan ƙanwata yana yi, ko da yake shi ba mota ya shiga ba. Yaron ya gama sakandare, yana koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Tarauni. Shi da wani abokinsa suka haɗa 'yan kuɗinsu, suka kama ƙaramin shago wajen Gyadi-Gyadi domin su buɗe abin da samari ke kira gidan gem, watau inda yara ke biyan kuɗi su yi wasan kwamfuta a talabijin. Sun sayi na'urar PlayStation biyu ta hannu, da talabijin biyu, da ƙaramin janareta. Uwarsa ta sayar da akuyarta ta cika musu kuɗin haya. Amma wata uku cur shago yana kulle.

Ran nan da maraice ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Kawu, rance na zo nema. Akwai sabon wasan da muke jira mu buɗe shago da shi. Wani mai sayarwa a intanet ya ce duk wanda ya ba da kafin alƙalami yanzu, shi zai fara samu."

Na ce, "Ɗana, ka ga wasan da idonka?"

Ya ce, "A'a, Kawu, amma na ga tallarsa."

Na ce, "Sau nawa aka sa ranar fitowarsa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan ce ta uku."

Na ce, "Me ya hana na farko da na biyu?"

Ya ce, "An ce masu yin sa da masu kuɗinsa ne suke rigima."

Na ce ya ba ni mako guda. Ba na son in hana yaro abu bisa ga jahilcina, gama rashin sani ya fi dare duhu. Abin da na samo shi ne na kawo muku.

Sana'ar nan hannu biyu gare ta. Akwai masu ƙira, watau masu zane, da masu rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, da masu kiɗa da murya. Babban wasa ɗaya yakan buƙaci mutane ɗaruruwa, ya kuma ci shekara uku, ko biyar, ko fiye. Duk tsawon lokacin nan ba a sayar da kome ba, albashi kuwa ba ya tsayawa. Saboda haka akwai hannu na biyu, watau kamfanin da ke zuba kuɗi, ya yi talla, ya kai wasan kasuwa. Yawanci yakan ba da kuɗin kashi-kashi ne, kamar yadda mai gida ke yi wa magini: in an kai linta ga kaza, in an yi rufi ga kaza. Mai ƙira yana son lokaci domin aikinsa ya yi kyau. Mai kuɗi yana son tsayayyar rana, musamman kafin Kirsimeti, sa'ad da ciniki ya fi kankama a Turai da Amurka. To, ga direba, ga mai mota. Masu jira kuma su ne fasinja.

Labarin da ya fi shahara a sana'ar shi ne na wani wasa mai suna Duke Nukem Forever. A watan Afrilu na 1997 kamfanin 3D Realms na jihar Teksas ta Amurka ya sanar yana kan aikinsa. A 1998 suka ga wani sabon harsashin da ake gina wasanni a kansa ya fi nasu, sai suka rushe yawancin abin da suka yi, suka sake farawa. Da yake da kuɗin aljihunsu suke yin yawancin aikin, ba mai iya matsa musu. Duk wanda ya tambaye su rana, amsarsu ɗaya ce, zai fito ran da aka gama shi. Shekara ta bi shekara. Ashe aljihu ma yana da iyaka. A watan Mayu na 2009 kuɗi ya ƙare, suka nemi ƙari daga kamfanin Take-Two wanda yake da hakkin kai wasan kasuwa, ba su daidaita ba, sai suka sallami ma'aikatan. Take-Two ya kai su ƙara kotu saboda rashin gama aiki. A 2010 aka yi sulhu, wani kamfani dabam mai suna Gearbox ya karɓi aikin ya ƙarasa. Wasan ya fito a watan Yuni na 2011.

Ku lissafa, masu karatu. Shekara 14. Jaririn da aka haifa ran da aka yi sanarwa ya riga ya shiga sakandare kafin kaya su iso. Da suka iso kuma, yawancin masu duba wasanni suka ce zamani ya riga ya wuce shi. An dafa dutse, amma romon bai yi daɗi ba.

Wani lokaci kuma abin yakan juya, mai ƙira ya ce a tashi, mai kuɗi ya riƙe mabuɗi. A 2021 kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya sayi ƙaramin kamfanin Unknown Worlds a kan dala miliyan 500, da alkawarin tukuicin da zai iya kai dala miliyan 250 in ciniki ya kai wani matsayi cikin lokacin da aka yanka. A watan Yuli na 2025 Krafton ya cire shugabanni uku na ƙaramin kamfanin, ya kuma ɗage fitowar wasansu, Subnautica 2, zuwa 2026. Shugabannin suka kai ƙara, suna cewa wasan ya isa fita, an ɗage shi ne domin a guje wa biyan tukuici. Krafton kuwa ya ce wasan bai nuna ba, su ne suka yi sakaci da aikinsu. A lokacin, mai jira a Kano ba shi da hanyar sanin mai gaskiya a cikinsu. Abin da ya sani kurum, rana ta zo, kaya ba su zo ba.

Akwai wanda ya taɓa mu kusa, gama wasan ƙwallon ƙafa shi ne tuwon gidajen gem na garin nan. Tun 1993 kamfanin EA Sports yake yin wasan da ke ɗauke da sunan hukumar FIFA. A watan Mayu na 2022 aka sanar za su rabu, bayan sun kasa daidaitawa a kan kuɗi da hakkin amfani da sunan. FIFA 23 shi ne na ƙarshe. A watan Satumba na 2023 kamfanin ya fito da wasansa da sabon suna, EA Sports FC 24, ko da yake yara da yawa ba su daina ce masa FIFA ba. Shugaban hukumar, Gianni Infantino, ya yi alkawari za a yi wani wasa mai sunan FIFA wanda zai fi kowane. Shekarar 2023 ta wuce, 2024 ta wuce, babban wasan bai fito ba. Da wani ya kulle shagonsa yana jiransa, da ya yi jiran gawon shanu.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ba kowane jinkiri ne mugu ba. Ran 30 ga Satumba, 2021, kamfanin Konami na Japan, masu wasan ƙwallon nan da aka sani da PES, suka fito da eFootball 2022 ɗanye. Fuskokin 'yan wasa suka karkace, kurakurai suka yi yawa, har kamfanin ya nemi gafara. Babban gyaran da aka sa wa watan Nuwamba bai fito ba sai a watan Afrilu na 2022, aka kuma mayar wa waɗanda suka biya kuɗin wani kunshin kaya tun da wuri kuɗinsu. Sauri ya haifi nawa. Amma ku lura, su a hannun kamfanin kansa suka biya, shi ya sa kuɗinsu ya dawo. Wanda ya tura wa baƙon da bai taɓa gani ba a intanet, wa zai riƙe?

Da mako ya cika na kira yaron, na zayyana masa duk wannan. Na ce, "Ɗana, abu uku zan faɗa maka. Na fari, ba na cinikin biri a sama. Ran da wasan ya sauko ƙasa, waɗansu suka gwada shi, aka ji labarinsa, ka zo mu yi magana. Na biyu, ranar da kamfani ya sa fata ce kawai, amma ranar da mai shago zai zo karɓar haya tabbas ce. Kana ƙirga kwanakin wani, naka suna zuba. Na uku, kai da abokinka ma direba ne da mai mota. Shi ya fi ka zuba kuɗi, kai ka fi shi sanin na'ura. Ku zauna gaban dattijo ku rubuta wa ke da me, da yadda za a raba riba, tun kuna dariya da juna. In manyan kamfanoni da lauyoyinsu sun kai ga kotu, ku kada ku dogara ga abota kaɗai."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Amma Kawu, in muka buɗe da tsofaffin wasanni za a yi mana dariya." Na ce, "Ƙofa a kulle ta fi ban dariya."

Ga iyaye kuma ina da 'yar magana. Kada mu raina abin da ke cin zuciyar 'ya'yanmu don kawai ba mu fahimce shi ba. Da na yi masa tsawa tun ran farko, da ya je ya ranto a wani wuri ban sani ba. Mu tambaye su, mu saurara. Mu kuma duba kwalin wasa kafin ya shiga gida. Waɗanda suka zo ta Turai suna ɗauke da lambar shekaru, 3, 7, 12, 16 ko 18. Wasu da yawa daga cikin waɗanda ake ɗokinsu na manya ne, har da Duke Nukem ɗin da na ambata. Na gaya wa yaron kada ya sa wa ɗan firamare wasa mai lamba 18 a shagonsa, ko nawa zai biya.

Har wa yau mu binciki kanmu, gama mu ma masu sa rana ne. Uba ya ce wa ɗansa ƙarshen wata zai sayo takalmi, wata uku ya wuce. Tela ya karɓi ɗinkin Kirsimeti fiye da ƙarfin kekensa, ya bar yarinya tana kuka ran biki. Miji da mata su yi saɓani a kan kuɗi, kuɗin makarantar yaro ya maƙale a tsakani. Alkawari kaya ne. In ba mu tabbata ba, gara mu ce ba mu sani ba tukuna, da mu riƙa cewa saura mutum ɗaya.

An buɗe shagon da tsohon wasan ƙwallo da na tseren mota. Takardar yarjejeniyarsu tana cikin akwatina, da sa hannunsu su biyu. Ranar Asabar da ta wuce na bi ta wurin, na tarar takalman yara jibge a bakin ƙofa, janareta yana ta ƙugi, ana ta ihun an ci ƙwallo. Yaron ya fito ya gaishe ni, ya ce sun fara mayar wa uwarsa kuɗin akuya. Na tambaye shi labarin sabon wasan. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, an sake ɗagawa."

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in muna cikin masu rai.