Abin da titi ke zubawa a gulbi



A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, irin su Amurka da Kanada, hukuma kan watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu domin ƙanƙarar ta narke, motoci su daina santsi. Amurka kaɗai kan zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Gishirin nan ba ya tsayawa a kan kwalta, kwata yake bi ya faɗa rafi. Kifi da kwaɗi da ƙwarin da kifi ke ci duk halittun ruwan daɗi ne, gishiri na yin yawa sai su fara ƙarewa. A shekarar 2014 birnin Flint na jihar Michigan ya koma shan ruwan koginsa, wanda gishirin titi na cikin abubuwan da suka ƙara masa zartsi. Ba a sa maganin kare bututu ba, ruwan ya ci tsofaffin bututun, dalma ta shiga famfunan gidaje, ta shiga jinin yara.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadiyyar ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

To, a Galadi ko Zurmi babu mai zuba gishiri a titi, amma titinmu ma yana da abin da yake kai wa gulbi. Bakanike ya juye baƙin mai a ƙasa, mai gyaran batir ya zubar da ruwansa a kwata. A gindin gada ana wanke babur da mota da omo. Manomi ya gama feshin ciyawa, ya sauka bakin ruwa ya ɗauraye tankinsa da jarkar maganin. Duk tsawon rani wannan datti yana taruwa, ruwan farko na sauka ya kwashe shi gaba ɗaya. Gulbin Gagare da ya bi ta Ƙauran Namoda da na Bunsuru da ya bi ta Zurmi duk cikin Rima suke zuba, Rima kuwa ita ke cika madatsar Goronyo da Sakkwato ke dogaro da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka yarda da ido. Idan ruwa ya yi garai-garai, shi ke nan, mun ce mai kyau ne. Uwa ta sa alif, laka ta kwanta. Ta tafasa, ƙwayoyin cuta sun mutu, kuma ta kyauta, kada ta daina. Sai dai abin da ya narke a ruwa, kamar gishiri, tafasa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi a tukunya. Haka dalma take. Kuma da rani, lokacin da gulbi ya ƙafe mata da yara ke tona yashi suna ɗibar ɗan abin da ya tsattsafo, babu yawan ruwan da zai tsinka guba. Wannan ruwan ne jariri ke sha, shi shanu ke sha, da shi ake ban ruwan albasa da tumatir a fadama.

Maganin farko bai fi ƙarfin kowa ba. Ƙungiyar bakanikai a tashar Shinkafi da ta Ƙaura za ta iya ajiye duro a tara baƙin mai. Hakimai da dagatai su ware wurin wankin ababen hawa nesa da mashaya, malaman gona su nuna wa manoma inda za su wanke kayan feshi. Gwamnatin jiha a Gusau kuwa, muna roƙon ta riƙa auna ruwan gulaben nan da na rijiyoyin bakinsu sau biyu a shekara, ƙarshen rani da bayan ruwan farko, ta karanta wa jama'a sakamakon da Hausa a gidan rediyo.