Huɗu da huɗu: ranar da shugaban kwamiti ya jefa ƙuri'a ta biyu

Duk wanda ya taɓa zama taron kwamitin lakwal ya san wannan lokacin. An yi ta magana tun hantsi, aka ɗaga hannu, sai ga rabi na son a gyara rufin aji kafin damina, rabi na son a sayi tebura. Daga nan kowa ya juya yana kallon darakta. Irin haka ta faru da wasu gwanayen kwamfuta a 2014, sai dai su tun da daɗewa sun rubuta abin da za a yi idan ƙuri'u suka zo daidai.

Debian manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows, amma kyauta take, kuma kowa na da izinin duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Ian Murdock ya kafa ta a 1993. Babu kamfanin da ya mallake ta, ƴan sa-kai ne wajen dubu daga ƙasashe daban-daban ke riƙe da ita, har akwai reshenta na makarantu mai suna Debian Edu. Wanda ba ka biyansa albashi ba ka ba shi umarni da tsawa, don haka a 1998 suka rubuta wa kansu kundin tsarin mulki. A ciki aka kafa kwamitin fasaha, wanda ba ya wuce mutum 8, aikinsa raba gardama idan ma'aikata sun kasa daidaitawa.

Yadda suke zaɓe ya bambanta da ɗaga hannun da muka saba. Kowa na jera zaɓuɓɓuka ne bisa yadda ya fi so, na fari, na biyu, na uku, sannan a gwada su biyu-biyu a ga wanda ya doke sauran. Cikin jerin akwai gurbin mai cewa kada a yanke komai. Idan kwamitin zai soke hukuncin wanda ke kula da wani sashe na aikin, rinjaye na yau da kullum bai isa ba, sai uku bisa ɗaya. Su ma sauran ma'aikata na iya soke hukuncin kwamitin da rinjayen biyu bisa ɗaya. Idan kuwa aka yi kunnen doki, shugaban kwamiti ke raba gardama.

Rigimar ta taso a Oktoba 2013, kan manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, wadda ita ke tada sauran. Biyu ne suka fi ƙarfi, systemd da Upstart. An kwashe watanni ana kai ruwa rana. A Faburairu 2014 aka jefa ƙuri'a, huɗu suka fifita systemd, huɗu Upstart. Shugaban kwamitin, Bdale Garbee, wanda ya riga ya jefa tasa a matsayin mamba, ya ƙara da ƙuri'ar raba gardama, systemd ta ci.

Na san abin da wani zai ce: ina adalci mutum ɗaya ya yi zaɓe sau biyu? Ni ina ganin Garbee ya yi daidai, domin an rubuta dokar tun ba wanda ya san wa za ta amfana. Ian Jackson, wanda ya jagoranci rubuta kundin a 1998, yana cikin huɗun da aka kayar. Da sai bayan an ƙirga ƙuri'u aka zauna neman hanyar warwarewa, duk hanyar da aka kawo sai ɓangare guda ya ce an ɗinka ta ne don a kayar da shi. Kamfanin Canonical, mai Upstart, kwanaki kaɗan ya yi ya sanar da cewa Ubuntu ma za ta koma systemd.

Amma kada a ɗauka doka ta wanke zukata. A Nuwamba 2014 an kai wani sashe na maganar gaban dukkan ma'aikata, suka ce babu buƙatar sabon ƙuduri. Cikin watan nan Colin Watson, Russ Allbery da Jackson suka sauka daga kwamitin, wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan, wadda ba ta aiki da systemd. Hukuncin da rabin kwamiti bai so ba tsada gare shi, ko da kuwa bisa ƙa'ida aka yanke shi. Abin da ya burge ni shi ne a farkon 2015 sun gyara kundin, suka sa wa kujerun kwamitin wa'adi, ta yadda mafi daɗewa ke sauka su ba wasu wuri. Kafin nan mutum na iya shekara goma da ɗoriya a kai.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 2004, a jihar Tahoua, shirin makaranta don kowa da hukumar JICA ta Japan ta tallafa ya sa ana zaɓen ƴan kwamitin lakwal da ƙuri'ar sirri, don uwa ta zaɓi wanda ta yarda da shi ba tare da tsoron idon mai gari ba. Wannan ci gaba ne. Inda nake ganin giɓi shi ne bayan zaɓen. A lakwal ɗinku, wa ke raba gardama idan hannuwa suka zo daidai? Shekara nawa ma'aji zai yi kafin ya sauka? Iyaye nawa ake buƙata a babban taro don a soke abin da kwamiti ya yanke?

Akwai kuma wani bambanci da Debian ta riƙe. Shugabanta da ƙuri'ar sirri ake zaɓensa kowace shekara, amma ƙuri'un ƴan kwamitin fasaha a fili suke, da sunan kowa. Shi ya sa a 2014 kowa ya san biyu daga cikin masu goyon bayan Upstart ma'aikatan Canonical ne, kuma kowa ya ga yadda suka jefa. Idan ɗan kwamitin lakwal ƙanensa ne kafintan da ke neman kwangilar tebura, a rubuta a littafin taro wanda ya ɗaga hannu da wanda bai ɗaga ba, sakatare ya karanta wa iyaye a taro na gaba.