Makullin Da Aka Manta A Hannun Wani

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da ma'aikatu da bankuna da asibitoci suka kwashe takardunsu daga kabad suka zuba cikin kwamfuta, sai tsaron dukiya da asirin jama'a ya koma kan tambaya guda, watau wane ne aka yarda ya buɗe wane fayil, kuma me aka yarda ya yi da shi. Amsar wannan tambaya tana rubuce cikin abin da masana ke kira jerin izini, wanda na'ura ke dubawa duk lokacin da wani ya nemi taɓa fayil, kamar yadda mai gadi ke duba takardar sunaye a bakin ƙofa.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Wajen shekara ta 1965 babbar makarantar fasaha ta MIT a ƙasar Amurka ta haɗa kai da kamfanin General Electric da na Bell Labs, suka fara gina wata manhaja mai suna Multics, domin mutane da yawa su riƙa aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Da yake kowa yana da ajiyarsa a ciki, sai aka liƙa wa kowane fayil jerin sunayen waɗanda za su iya taɓa shi.

A shekara ta 1969 Bell Labs ya janye daga aikin, sa'an nan Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro Unix, inda aka taƙaita al'amarin. An kasa mutane kashi uku: mai fayil, da rukuninsa, da sauran jama'a. Izini ma iri uku ne, kowane da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Saboda haka in an ga fayil da lamba 640, ma'anarta mai shi zai karanta ya rubuta, 'yan rukuninsa za su karanta kaɗai, sauran jama'a kuwa ba su da kome. In an ga 777, to, an cire ƙyauren ke nan baki ɗaya.

Tsarin yana da sauƙi, amma yana da iyaka, domin kowane fayil rukuni ɗaya rak yake da shi. Ga misali, takardar albashi tana hannun rukunin akantoci, sai ga mai binciken kuɗi ya zo yana bukatar ya karanta ta na mako biyu. In an sa shi cikin rukunin akantoci, ya sami hanyar duk sauran takardunsu. In an buɗe wa sauran jama'a, har masinja zai san albashin manaja. Cikakken jerin izini shi ne ya raba wannan gardama, don ana iya ƙara layi ɗaya da sunan mai binciken, a ce ya karanta wannan fayil kaɗai. Windows NT ta zo da irin wannan jeri a shekara ta 1993, har da layin hani, wanda a bisa ƙa'ida yake rinjayar layin yarda. Linux ma daga baya ta karɓi nata.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Ba da izini aiki ne mai sauƙi, domin akwai wanda ke tsaye yana roƙo. Janye shi kuwa babu mai zuwa ya tuna wa kowa. Mai bincike ya gama ya tafi, sunansa yana nan. An yi wa akawu canji daga ofishin albashi zuwa sito, an ba shi sabon makulli, tsohon yana aljihunsa. Wani ya yi ritaya, wani an sallame shi da ɓacin rai, amma na'ura ba ta da labari. Bugu da ƙari, a yawancin tsare-tsare izinin da aka sa wa babbar jaka yana gangarawa kan duk fayilolin da ke cikinta, kamar gado, ta yadda kuskure ɗaya a sama zai iya buɗe takardu dubu a ƙasa.

Duniya ta ga sakamakon irin wannan sakaci. A watan Yuni na 2017 wani mai binciken tsaro, Chris Vickery, ya tarar da bayanan masu jefa ƙuri'a kimanin miliyan 198 na Amurka, da sunayensu da ranakun haihuwarsu da adireshinsu, a rumbun ajiya na Amazon wanda kamfanin Deep Root Analytics ke amfani da shi. Ba a fasa kome ba, ba a saci kalmar sirri ba, rumbun ne aka bari a buɗe ga duk mai intanet. Har wa yau, a cikin jerin izinin wannan rumbu akwai wani rukuni da sunansa ke nufin waɗanda aka tantance. Mutane da dama sun zaci ma'aikatansu ake nufi, alhali kuwa duk wanda ya buɗe asusu da Amazon a ko'ina cikin duniya yana ciki. Daga watan Afrilu na 2023 kamfanin ya ƙara wa kowane sabon rumbu shingen da ke hana buɗe shi ga jama'a tun daga farko, sai mai shi ya cire shingen da gangan.

Abin mamaki, maganin an daɗe da rubuta shi. A shekara ta 1975 masana biyu na MIT, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun shimfiɗa ƙa'idoji takwas na tsaron bayanai. Biyu daga ciki sun isa wannan magana. Ta farko, kada a ba kowa izini fiye da abin da aikinsa ke bukata. Ta biyu, asalin kowace ƙofa a rufe take, sai wanda aka ambata ne zai shiga.

Saboda haka ya kamata shugabannin ma'aikatu su lura da abu uku. A riƙa rubuta sunan rukuni cikin jeri maimakon sunan mutum, domin in an yi wa ma'aikaci canji, cire shi daga rukuni sau ɗaya ya wadatar. Duk izinin wucin gadi a yanka masa ranar ƙarewa tun ranar da aka ba da shi. Sa'an nan a tsai da lokaci, ko da sau biyu a shekara, da kowane shugaban sashe zai karanta jerin da idonsa, ya soke sunan da bai gane ba. Wannan nauyi ba na mai kula da kwamfuta ne shi kaɗai ba, domin shi sunaye yake gani, shugaban sashe ne ya san wanda ke bakin aiki da wanda ya bari.

Takardun da ke cikin waɗannan na'urori amanar talakawa ce, da ajiyarsu ta banki da bayanin rashin lafiyarsu. Duk wanda aka danƙa wa amana, lalle ne ya san adadin makullan da ya rarraba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.