WA YA CE KARATUN MATA BIDI'A NE?

A Sabon Ibadan, da Agege, da Sabon Shagamu, akwai magidanta waɗanda da zarar an ambaci makarantar matan aure sai su murtuke fuska, su ce wai wannan ɗabi'ar mutanen Kudu ce, ko kuwa ta Nasara. To, su faɗa wa jama'a a wane littafi suka gani.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito hadisai 2,210, manyan Sahabbai suna zuwa neman fatawa wurinta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jajoji malfa, tana aika su ƙauyuka su koya wa mata tsarki da salla. Ashe har da su cikin masu kwaikwayon Nasara?

Gaskiyar magana, tsoro ne. Matar da ta yi karatu ta san sadaki nata ne, ba na waliyyi ba. Ta san tana da tumunin dukiyar mijinta in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. Ta san ci da sha da tufafi wajibi ne a kansa, kuma in zama ya gagara tana iya neman hul'i gaban alƙali. Mai sakin mace ya ɗora ta a mota zuwa Arewa hannu rabbana ba zai so ta san wannan ba.

Ga kuma 'ya'ya. Maigida yana kara ko kasuwar goro tun asuba har magariba. Yaro yana hannun uwa, cikin garin da ba nasu ba. In ita ba ta iya Fatiha daidai ba, wa zai koya masa?

Matan da suka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna a 1985 ba su jira kowa ba. Saura sarakunan Hausawa da limaman zango: a ware ɗaki a jikin kowane masallaci, a ɗauki malama, a biya ta daga kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a. Wanda ya hana matarsa zuwa, ya tanadi amsar da zai bayar gobe ƙiyama.