Sassaucin doka ba ya tsare huhun talaka

Shekaru da dama garin yuraniyom na Arlit, mai ruwan ɗorawa, ya bi hanya guda: Agadas, Tawa, Dosso, Gaya, sannan Faraku da tashar ruwa ta Kwatano, har Faransa. Ya ratsa kasuwanni da tashoshin mota, ya gifta ƙofar makarantu, har zuwa 2023 da aka rufe iyakar Benin. Duk wanda ya nuna damuwa, amsar magabata ɗaya ce: dokar duniya ta yarda.

To, me dokar ta ce? Tun 1961 hukumar AIEA ta shimfiɗa ƙa'idojin jigilar irin waɗannan kaya. Mafi tsaurinsu sun shafi abin da zai iya kama wutar nukiliya in an tara shi wuri guda. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa ba ya cikin wannan rukuni, domin sinadarin 235 da ke cikinsa bai wuce kashi 0,7 cikin ɗari ba. Shi ya sa aka yarda a zuba shi cikin gangunan ƙarfe na lita 200.

Nan ne yaudarar take. Sassaucin yana nufin ganga ba za ta tashi kamar bam ba. Bai ce garin da ke cikinta tsaki ba ne. In ƙurarsa ta shiga jiki, huhu da ƙoda ne ke biyan bashi. A 2004, haɗarin mota kusa da Dosso ya kashe mutum 5, garin ya zube a ƙasa. A kasuwar Arlit kuwa, masu bincike na CRIIRAD sun tarar da ƙarafa masu guba ana sayarwa tun 2003.

Shin wa ya koya wa jandarman da ke bakin shinge abin da zai yi in ganga ta fashe? Wa ya gargaɗi mai tuwo-tuwo da ke bakin titi? Wace likita ce a kan hanyar ke da na'urar awo?

Ko ma wa ke riƙe da ma'adinan, ko ma ta ina kayan za su bi gobe, wajibi ne a sanar da magadan gari kafin ayari ya wuce, a horar da ma'aikata, a kuma bayyana sakamakon awo ga jama'a. Rigakafi ya fi magani. Ƙasar da ta haskaka biranen wasu ba ta cancanci a bar ƴaƴanta cikin duhun jahilcin abin da ke ratsa ƙofar gidansu ba.