Rufe iyaka: Me manomin shinkafa a Sanyinna ya tsira da shi?

Duk lokacin da farashin shinkafa ya faɗi, za ka ji manoma a Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe suna kiran gwamnati ta toshe iyakoki. Koken nasu abin saurare ne, domin wanda ya ci bashin taki da man fetur ya yi noman rani, sannan buhun shanshera ya kasa mayar masa da uwar kuɗi, dole ya nemi mafita. Sai dai mun shafe shekara 40 muna gwada wannan magani, ya kamata mu tsaya mu duba abin da ya haifar.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a 1986. Abin ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna "El Buhari". A 1985 Janar Babangida ya haramta shigo da shinkafa, haramcin ya kai shekara goma kafin a ɗage shi a 1995. A Maris ɗin 2016 Hukumar Kwastam ta sake hana shigo da ita ta kan tudu. A Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin, sai Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfun.

Gaskiya ne manoma sun ɗan dara a wancan lokaci. Shanshera ta yi daraja, an kafa sababbin injinan casa a Kano da Kebbi, matasa da dama sun koma fadama. Amma talaka ne ya biya kuɗin. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kimanin kashi 13 cikin 100 a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disamban 2020. Shi kansa manomi ai mai saye ne. Idan ya sayar da shinkafa da tsada, zai sayi gero da manja da magani da tsada.

Shinkafar waje kuma ba ta ɓace daga kasuwa ba. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da daji. Da aka rufe ƙofar Illela da ta Kamba, sai kaya suka koma bin barauniyar hanya a kan babura. 'Yan fasa-ƙwauri da masu karɓar na goro suka yi ƙiba, yayin da halastaccen ɗan kasuwa mai kai albasa ƙetare ya zauna yana kallon kayansa na ruɓewa.

An sake ganin haka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. Sojojin ba su sauka ba, Mohamed Bazoum bai koma kujerarsa ba. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, bayan kasuwannin Illela da Ƙwanni sun sha wuya. Ko Amurka da ƙarfinta, tun 1962 take ƙaurace wa ciniki da maƙwabciyarta Kuba, har yau gwamnatin kwaminisanci ce ke mulki a Habana.

Babban abin da ke karya manominmu shi ne tsadar noma da kuma canje-canjen manufa. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu hatsi, ciki har da shinkafa da masara. Wanda ya shuka bisa lissafin kariya, sai ya girbe a kasuwar da aka buɗe. Kariyar da sa hannun mutum ɗaya zai iya sokewa a dare ɗaya ba abin dogaro ba ce.

Saboda haka ƙungiyoyin manoma a Tambuwal da Kebbe su sauya abin da suke nema a wajen 'yan majalisarsu da gwamnatin Jihar Sakkwato. Su nemi taki ya iso kafin lokacin dashe. Su nemi injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana a kan bashi mai sauƙi, tunda cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin ba da ruwa. Su nemi hanyoyin fito da amfani daga fadama, da tsaro a ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma. Idan kuma za a sa haraji a kan shinkafar waje, a bayyana shi a fili na tsawon shekaru, kowa ya san lissafinsa kafin ya sa fartanya a ƙasa.

Ranar da noman buhu ɗaya a Sanyinna ya yi arha fiye da ɗauko shi daga Tailan ta tashar Kwatano, ɗan fasa-ƙwauri da kansa zai nemi wata sana'ar.