Wa ke riƙe da bulala?

Akwai wata fahimta da ke bin littafin Jack London na shekarar 1903, wanda masu karatun faransanci suka sani da suna L'Appel de la forêt, duk inda ya shiga. Ana cewa darasinsa shi ne shugabanci na mai ƙarfi ne, wanda ya ka da na gaba shi ya cancanci wurinsa. Malamin da ya tsaya gaban ɗalibai a Geceme ko Tibiri ya karantar da haka, ya karanta rabin littafin ne kurum.

Gaskiya ne marubucin ya ƙawata faɗan. Buck kare ne da aka sato daga gidan wani alƙali a Kalifoniya, aka sayar da shi zuwa arewacin Kanada lokacin rububin zinariyar Klondike a 1897. Can aka ɗaure shi cikin ayarin karnuka masu jan amalanke a kan ƙanƙara, Spitz na gaba. Buck ya yi ta ingiza sauran karnuka su bijire, har ranar da suka gwabza, ya karya wa Spitz ƙafafun gaba, taron karnuka suka ƙarasa shi.

To, amma mene ne aka yi wa wannan kisan? Matsayin gaba a cikin igiya. François da Perrault, masu kai wasiƙun gwamnati, su ke riƙe da bulala kafin faɗan, su ke riƙe da ita bayansa. Abin da sabon shugaba ya ƙara shi ne sauri, aka taho daga Dawson zuwa Skagway cikin kwana 14, wasiƙu suka iso da wuri. Daga baya aka sayar da shugaban da mabiyansa ga wasu baƙi uku da ba su san hanya ba, yunwa ta ci wasu karnukan, ƙanƙara ta rufta da sauran. Buck ya tsira ne saboda John Thornton ya yanke masa igiya. Sarautarsa ba ta fisshe shi ba.

Ɗan Arewa bai kamata wannan ya shige masa duhu ba. A watan Afirilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu, garin Sarauniya, da irin wannan aƙida ta kashin dankali. Wata uku bayan haka, a yankin Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya karɓe ragama daga hannunsa, cikin ƴan kwanaki kuma sojojinsu suka kashe shi da abokin nasa. Rundunar ba ta watse ba, wasu hafsoshi suka ci gaba da ita zuwa Damagaram. Sannan aka shiga zamanin da ƴaƴan sarauta ke ja-in-ja kan rawani, takardar naɗi kuwa tana teburin kumandan.

Ƙasar nan ma ba ta taɓa yarda cewa cizo ne kaɗai hanyar gado ba. A Lugu, idan Sarauniya ta rasu, tarkama ake yi, a ɗauki gawar, ita ke nuna magajiya. Mutum na iya ƙin al'adar, amma ba ya cewa an zubar da jini. A filin kokowa, inda ake gasar ƙasa tun 1975, wanda aka ka da yakan miƙe ya kakkaɓe ƙasa, baɗi ya dawo. Spitz bai samu baɗi ba.

Ba cewa ake a janye littafin daga hannun yara ba. Labari ne mai jan hankali, kuma London mai ra'ayin gurguzu ne da ya yi leburanci tun yana yaro, ya san wuyan da ke cikin igiya. Abin da ake nema ga malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne kada a rufe shi a babi na 3. A ajiye shi kusa da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, a sa ɗalibai su ƙirga sau nawa Buck ya sauya ubangida bayan ya zama shugaba.